Aradu a Ma'aunin Ɗaya Bisa Ɗari

Gangar jikin jirgin ruwa ba ta da wuyar kwaikwayo. Duk masassaƙin da ya iya fafe turmi ko akushi, in ka ba shi zane da awo, zai fitar maka da ita cikin mako guda. Inda gizo ke saƙar shi ne makamai. Su ne fuskar jirgin yaƙi, in ka cire su abin da ya rage dogon kwale-kwale ne mai fentin toka. Shekara biyu ke nan ina gina ƙaramin samfurin jirgin yaƙin Najeriya, NNS Aradu, a bayan shagona na kayan lantarki a nan Kwatano. Gangar jikin wata uku ta ci, sauran lokacin duk makamai ne suka cinye shi.

Ga wanda bai san jirgin ba, kamfanin Blohm + Voss ne ya gina shi a birnin Hambug na Jamus. An fara aikinsa a ƙarshen 1978, aka tura shi ruwa a Janairun 1980, ya shiga aiki a rundunar sojan ruwan Najeriya a Fabrairun 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Tsawonsa mita 125.6, faɗinsa mita 15, lambar da ke jikinsa F89. Da farko Republic aka raɗa masa, daga baya aka mai da shi Aradu. Dama sojan ruwanmu suna da al'adar ɗauko sunan jirgi daga harsunan gida, akwai Dorina, akwai Damisa, akwai Kyanwa, akwai Kada. Amma babu wanda ya kai Aradu nauyi a kunnen Bahaushe, don kalma ce da ko rantsuwa da ita sai mutum ya kai maƙura. Abin dariya, da aka karɓo wani babban jirgi daga Amurka aka ƙaddamar da shi a 2012, sai aka sa masa Thunder, wato dai aradun ce da Turanci.

Abin da ya fara jan hankalina a matsayina na ɗan kasuwa shi ne yadda aka haɗa jirgin. Aradu ne na farko da aka gina a tsarin da Jamusawan suka kira MEKO. Kowane makami, da injinsa da wayoyinsa, ana haɗa shi cikin akwati mai sanannen awo, a kawo shi, a zura shi a gurbin da aka bar masa a jikin jirgi, a ɗaure, a jona masa wuta. Mu da muka tsufa muna jiran kwantena a tashar jiragen ruwa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ni ma hanyar da na bi ke nan. Kowane makami ina gina shi daban a kan ɗan faifansa, in ya kammala in ɗora shi a gurbinsa, in ƙura ta yi yawa da hunturu in cire shi in goge.

Ma'aunin 1:100 na zaɓa, don lissafinsa ba ya neman kalkuleta: mita ɗaya a jirgi, santimita ɗaya a tebur. Jirgin ya tashi santimita 125.6, ya fi yadi da kwata. Samfuran da ake sayarwa a kwali, irin na Tamiya ta Japan da Trumpeter ta China, yawanci 1:350 ne ko 1:700, kuma manyan jiragen yaƙin duniya na biyu suka fi yawa, su Yamato da Bismarck da Missouri. A duk wuraren da nake sarin kaya ban taɓa cin karo da Aradu a kwali ba. Ko da na samu ma, a 1:350 jirgin santimita 36 zai zama, ƙananan bindigoginsa kuma milimita 8, sirara kamar gashin doki. Mutumin da ya haura hamsin, wanda ko lambar rasit sai ya ɗauko tabarau, ba zai kai kansa wannan wahalar ba.

To me ya kai mai sayar da soket da ƙwan fitila ga wannan aiki? Autana ne. Yana da shekara goma sha biyar ya ce shi sojan ruwa zai zama. A nan aka haife shi, ya tashi yana ganin jirage jere a bakin teku suna jiran layi, kuma ni na san halinsa, in ya kafe ya kafe. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Kun dai san yadda muke, uba ba ya zaunar da ɗansa su yi ta hira kamar abokai, akwai kunya, akwai nauyi. Amma in hannu na aiki, ido na kan abin da ake yi, baki yakan saki. Sai na ce masa tunda jirgin yaƙi yake so, ya zo mu gina ɗaya, kowace rana bayan la'asar idan ciniki ya lafa.

Da babbar igwar goshi muka fara. Ƙirar kamfanin OTO Melara ce na Italiya, ana rubuta ta 127/54. Lambobin nan biyu su ne dukan awon da magini ke bukata. Ta farko faɗin ramin bututu ne, milimita 127, wato inci 5 cif. Ta biyu tana nufin tsawon bututun ya ninka faɗin ramin sau 54. Ka buga, za ka samu milimita 6,858, kusan mita 7. A teburina ya zama santimita 6.9, tsawon ɗan yatsan manuni, kuma wani yanki nasa yana ɓoye cikin kwanson igwar. Ramin kuwa milimita 1.27. Ina za ka samu bututu mai wannan rami a kasuwar Dantokpa? Wurin masu gyaran firji. Siririn bututun jan ƙarfen nan da ke naɗe a bayan firji da na'urar sanyaya ɗaki yana zuwa awo-awo, kuma akwai mai ramin inci 0.050, wanda shi ne milimita 1.27 ba ragi ba ƙari. Don tabbatarwa na sayi allurar asibiti sabuwa mai lamba 18, mai gindi ruwan hoda, wadda kaurinta na waje daidai yake da wannan awo. In ta shiga bakin bututu da ƙyar, to ka samu naka. Jan ƙarfe yana da laushi, sai ka mirgina shi tsakanin gilashi biyu ya miƙe sambal, sannan ka ɗaure shi a injin huda kana juyawa kana goga samfefa, har ya ɗan tsuke daga gindi zuwa baki. Bututun da kaurinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe famfo ne, ba igwa ba, kuma ido yana gane wannan tun daga ƙofar shago ko da mai idon bai san dalili ba.

Kwanson da ke rufe igwar ba akwati ba ne, ba kuma ƙwarya ba, yana tsakani. Da allon roba na masu rubuta allunan talla na yi shi, hawa-hawa, aka manne aka goge da magagari. Muna cikin gogewa yaron ya juya shi ya ce, "Baba, ta ina mutanen ke leƙowa? Ba taga." Nan aiki ya tsaya, muka koma karatu. Ashe babu kowa a ciki lokacin harbi. A ƙarƙashin daɓen jirgi akwai ganguna uku, kowace na ɗauke da harsashi 22, jimla 66, inji ne ke ɗaga su yana ɗurawa, mutanen da ke ƙasa aikinsu sake cika gangunan. Mai ba da umarnin harbi yana can tsakiyar jirgi a ɗaki mai duhu, gaban allon na'ura, ba ya ganin abin da ya harba da idonsa. Kowane harsashi kusan kilo 32 ne, igwar kan fitar da kamar 40 a minti ɗaya, zuwa nisan da ya haura kilomita 20. Na yi masa lissafin da muka saba: kilo 1,280 a minti, wato nauyin buhun siminti 25, sai dai na ƙarfe ne da nakiya. Shi da ya zo da tunanin fim, inda jarumi ke riƙe da bindiga yana ihu, ranar ya fara jin cewa yawancin aikin jirgin yaƙi aikin injiniya ne da mai lissafi.

Ƙananan bindigogin sun fi ba da wahala, ba don ƙanƙanta kaɗai ba, don maimaici. Aradu na da mazauni huɗu na tagwayen bindigogi masu milimita 40, biyu a gaban ɗakin tuƙi, biyu a baya wajen ɗakin helikwafta. Asalin bindigar ta Bofors ce ta ƙasar Suwidin, kamfanin Breda na Italiya ya haɗa ta tagwaye cikin kwanso mai kama da kifaffen ƙoƙo. Ita 40/70 ce, ka buga 40 sau 70, mita 2.8, a tebur santimita 2.8, ramin milimita 0.4. Nan ma kemis ne ya fisshe ni. Allura mai lamba 22, mai baƙin gindi, kaurinta milimita 0.7 ne, ramin cikinta kusan 0.4. Sabuwa fa, a cikin ledarta, kada wani yaro ya karanta wannan ya tafi tonon bolar asibiti. Ba a yanka ta da awartaki, don yana matse ramin ya toshe. Da gefen ƙaramin magagari ake zagaye ta a hankali har ta karye da kanta. A bakin kowane bututu akwai ɗan mazurari mai rage walƙiyar harbi, shi na yi da guntun robar da ke rufe siririyar wayar caja, na ɗan buɗa bakinsa da tsinin allura mai ɗumi. Kwanson kuwa daga ƙwallon kwalbar turaren hammata ya fito, wanda ake mirginawa. Girmansa na auna daga hoto, ina gwada shi da tsawon bututun da na riga na sani.

Yin ɗaya ba komai ba ne. Yin huɗu da ba za a bambanta su ba, da bututu takwas da kowane biyu suka jeru ba wanda ya karkace, shi ne jarabawar. Milimita ɗaya a teburina santimita 10 ne a jirgi, in bututu ɗaya ya kauce da haka, a hoto za ka ga bindigar kamar mai harara garke. Na yanka tsagi biyu a tsohon katin banki ya zama ma'auni, kowane tagwaye a cikinsa suke kwana har gam ya bushe. Katin banki, ga masu son sani, kaurinsa milimita 0.76 ne a ko'ina a duniya, don haka yana da amfani ƙwarai wajen awo.

Waɗannan bindigogin su ne kariyar ƙarshe idan makami mai linzami ya nufo jirgi. Kowane tagwaye na fitar da harsashi 600 a minti. Irin makaman da ake harbo wa jirage suna tafiya dab da saman ruwa, da gudun kusan mita 300 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan kilomita 3 na ƙarshe daƙiƙa 10 ne kacal, kuma a cikinsu kowane mazauni harsashi 100 zai iya fitarwa, ko a samu ko a rasa. Yaron ya ɗauko wayarsa ya saita daƙiƙa 10, ya ajiye a kan tebur tsakaninmu. Muka yi shiru muna kallo har ta yi ƙara. Wani ya shigo neman batir, na tashi na ba shi, na dawo na same shi ya sake saita ta.

A kan manyan makamai masu linzami ne na yi gardama da maƙwabcina mai sayar da atamfa. Bayan Aradu, kamfanin nan na Hambug ya gina wa Ajantina jirage huɗu masu kusan irin jikinsa: Almirante Brown, La Argentina, Heroína da Sarandí. Hotunansu da zane-zanensu sun fi na Aradu sauƙin samu a intanet nesa ba kusa ba, kuma igwar goshi da tagwayen bindigogin duk iri ɗaya ne. Amma su makamin Exocet na Faransa suke ɗauke da shi, cikin mazubai masu siffar doguwar ganga, Aradu kuwa Otomat, haɗin gwiwar OTO Melara da Matra ta Faransa, guda takwas, cikin manyan akwatuna masu kusurwa. Ganga ta fi sauƙin yi, guntun bututun biro kawai za ka yanka. Maƙwabcin nawa ya ga ina fama da akwati na uku, ya ce, "Haba Alhaji, ka sa na Ajantinan mana, duk Zongon nan wa zai gane?" Na ce masa, "Alhaji, kai da in an kawo maka 'yar China da tambarin Holan, ko a duhu da tafin hannu kake gane ta?" Ya yi dariya ya ce ai wannan kuɗi ne. Na ce wannan ma suna ne, in na rubuta F89 a jikinsa na ɗora masa kayan wani, na sayar wa ɗana jabu ke nan.

Makamin Otomat kansa ya kusa mita huɗu da rabi, akwatinsa ya ɗan fi haka, don haka kowane akwati a wurina bai kai santimita 5 ba. Jikinsa ba sumul yake ba, akwai haƙarƙari da ke ƙarfafa shi, kuma su ne ke ba shi kamanninsa. Da siraran yankan katin waya na yi su, ɗaya bayan ɗaya, da hantsaki. Akwatunan ba a kwance suke ba, a ɗage suke kaɗan a kan ƙafafun ƙarfe, kuma ƙafafun nan ne masu gini da yawa ke yi wa ha'inci, su manna akwati kai tsaye a daɓe kamar an sauke kaya daga mota. Wata biyu cur suka ɗauke mu, yaron na yanka ni ina mannawa, don hannunsa ya fi nawa tsayawa.

Abin da ke cikin akwatin shi ne ya kawo magana har cikin gida. Otomat yana da ƙaramin injin jirgin sama a cikinsa, yana tafiyar kilomita 60 ko fiye, wato kamar ka je Porto-Novo daga nan ka dawo, kuma a goshinsa akwai kilo 210 na abin fashewa. Na ce wa yaron ya binciko mana abin da irin wannan makami ya taɓa yi wa jirgi. Da daddare muna cin tuwo ya karanto mana. Ranar 4 ga Mayu 1982, watanni kaɗan bayan Aradu ya fara aiki, a yaƙin tsibiran Falkland, wani jirgin saman Ajantina ya harba wa jirgin Ingila HMS Sheffield makamin Exocet ɗaya. Mutum 20 suka mutu, wuta ta ci jirgin, bayan kwana shida ya nutse ana cikin jansa. Ranar 17 ga Mayu 1987, a Tekun Fasha, jirgin saman Iraƙi ya harba wa jirgin Amurka USS Stark guda biyu, sojoji 37 suka mutu, da yawansu a ɗakin kwanansu. Kuma abin fashewar Exocet kilo 165 ne, bai kai na Otomat ba. Jiragen nan biyu tsawonsu kusan ɗaya ne da Aradu.

Uwargida, wadda tun farko take kiran aikin nan wasan yara da kuɗin cefane, ta ajiye cokali. Bayan yaron ya fita ta ce, "Malam, in don ka hana shi kake wannan, ka fito ka faɗa masa, kar ka yi ta zagaye." Na ce mata ba hana shi nake ba. Da zan aika shi Lome sarin kaya, ai sai na nuna masa inda ake cuta da inda ake asara kafin in ba shi jari. Ta ce asarar Lome kuɗi ce. Ban ba ta amsa ba, don gaskiya ta faɗa.

Makaman kakkaɓo jiragen sama ba su ba mu wuya sosai ba. Akwati ne guda mai ƙofa takwas a saman ɗakin helikwafta, ana kiransa Albatros, makamin cikinsa Aspide, duka ƙirar Italiya. Murabba'i takwas ne, huɗu a kowane gefen ginshiƙi, in ka iya riƙe rula ka gama. Sai dai wannan makami ba ya ganin hanya shi kaɗai, dole wata na'urar rada ta haska masa abin da zai buga, ta ci gaba da haskawa har ya isa. Don haka ni a wurina na'urorin rada cikin makamai suke: faifan STIR da ƙwan nan na WM25 da ke saman ɗakin tuƙi, dukansu na kamfanin Signaal na Holan. Na ga samfura da yawa a hoto inda akwatin makami ke kallon gabas, radar da ke masa jagora na kallon yamma. Na kuma ga waɗanda aka juya kowace bindiga ta kalli nata gefen, jirgi ya koma kamar beguwa ta fusata. Ra'ayina, jirgi ya fi kwarjini idan komai nasa na zaune a mazauninsa, na gaba na kallon gaba, na baya na kallon baya, kamar yadda yake idan ya shigo tasha.

Fenti kuma na iya rusa aikin shekara cikin minti biyar. Shafi ɗaya mai kaurin kashi ɗaya bisa goma na milimita, a jirgin gaske santimita guda ne, ka yi uku ka binne haƙarƙarin akwatunan nan da ka sha wuya a kansu. Sai a tsinka shi sosai, a yi ta shafawa sama-sama ana jira. Bututun bindiga ya ɗan fi kwanso duhu. Bayan ya bushe ina ɗiga baƙin fenti mai ruwa-ruwa ya bi tsagogi ya zauna, sannan in goga toka mai haske da busasshen buroshi a kan kusurwoyi, nan take abin da ido bai gani ba ya fito. Da damina kuma a kiyayi gam mai kama nan take, don laimar Kwatano na sa shi barin farin hazo a kewayen inda aka ɗiga. Mutum-mutumin sojoji ban sa ko ɗaya ba. Limamin unguwarmu da ya leƙo ya ce jirgi ba mai rai ba ne, ba laifi, ni kuma na tsaya a nan. Ƙofofin da ba su kai santimita 2 ba sun isa su nuna wa mai kallo girman mutum a wurin.

Sai tambayar da duk wanda ya shigo yake yi: Aradun wace shekara? Jirgin ya daɗe, ya yi shekaru masu yawa ɗaure a Legas yana jiran gyara, kuma akwai 'yan'uwa a majalisarmu ta bayan isha'i da suka ce in dai gaskiya nake nema, in zuba masa tsatsa daga goshi har ƙeya, wai haka ƙasar take. Wasu kuma suka ce a yi shi fes kamar ranar da ya baro Jamus. Na zaɓi watan Yunin 2005, lokacin da ya je gaɓar Portsmouth a Ingila, ya tsaya cikin jerin jiragen ƙasashen duniya a bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Hotunan da suka fi fitowa sarai da na samu na wannan tafiya ne, wannan dalili ɗaya ke nan. Na biyu, a lokacin ya haura shekara ashirin yana aiki, ba yaro ba ne, amma ya ɗauki kansa ya kai kansa ya dawo. Duk wanda ya yi fatauci da tsohuwar mota ya san darajar wannan. Tsatsa kaɗan na sa a ƙarƙashin anka da inda ruwa ke zuba daga daɓe, makaman kuwa na bar su tsaf.

A ranar da muke fentin akwatunan Otomat ne yaron ya kawo tasa hujjar, kansa a sunkuye, buroshi a hannu. Ya ce, "Baba, ai aikin yanzu ba na waɗannan ba ne. Kai ka ba mu labarin shekarar da 'yan fashin teku suka hana jirage zuwa." Gaskiyarsa. A 2011 an yi ta kai wa jirage hari a gaɓar Benin, musamman masu dakon mai, kuɗin inshora ya hau, jirage da yawa suka ƙaurace wa tashar Kwatano, mu da muke jiran kaya muka ji a jikinmu. A watan Satumbar shekarar ne Najeriya da Benin suka fara sintirin haɗin gwiwa, abin ya lafa. Yana ɗan shekara huɗu a lokacin, amma ya ji ni ina maimaita labarin har ya haddace. Ya ce wani ne ya bar gidansu ya hau ƙaramin jirgin sintiri kafin kwantenata ta iso. Na ce masa ya kula, fenti na taruwa a kusurwar akwatin.

Abin da ya rage yanzu shi ne helikwaftan Lynx da ke sauka a bayan jirgin, wanda na bari sai ƙarshe don shi kaɗai aikin wata uku ne, sai kuma bututun tofido, makamin da ake harba wa jirgin ƙarƙashin teku. Guda shida ne, uku a kowane gefe, biyu a ƙasa ɗaya a kansu, faɗin kowane milimita 324, wato 3.24 a tebur. Bututun tawadar biro da aka wanke da fetur ya yi daidai, murfin bayansa kuma daga kan ƙaramin fil. Wannan aikin yaron ya karɓe shi gaba ɗaya, shi ya yi awo, shi ya yi ma'auni, ni miƙo kaya kawai nake.

Na hagu uku sun hau kafin ya tafi. Yana Zariya gidan ƙanena tun watan jiya, yana shirin jarabawar JAMB da ta shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA, inda hafsan sojan ruwa ma a Kaduna yake fara karatu, ɗaruruwan kilomita daga teku. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma kaɗai sai da na yi tafiya biyu zuwa gida a kanta, iyayen da suka haifi 'ya'ya a waje su nemi tasu tun da wuri. Na dama uku suna cikin gwangwanin madara a kan kanta, an yanke an goge, saura haɗawa da fenti. Shekaranjiya ya bugo wa mahaifiyarsa waya, ya ce ta faɗa mini kada in taɓa su, wai kusurwar da ya ba na hagu shi kaɗai ya san yadda ya fitar da ita.